Abin Da Ya Sa Sardauna Ya Dage A Kan Ilmin Samarin Arewa

Yawancin ɗaliban da ke shiga ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru sun san marigayi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a matsayin Firimiyan Jihar Arewa. Kaɗan ne daga cikinsu ke tunawa cewa kafin sarauta da siyasa, malamin makaranta ne.

A Rabah aka haife shi, kuma yana ƙarami mahaifinsa ya rasu. Daga makarantar allo aka kai shi makarantar lardi a Sakkwato, a lokacin da iyaye da yawa ke ɓoye 'ya'yansu don gudun boko. A 1926 ya shiga Kwalejin Katsina, ya fito a 1931, ya koma gida ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato har 1934, sa'ad da aka naɗa shi Hakimin Rabah. Wanda ya riƙe alli shekara uku ba sai an gaya masa yawan yara masu ƙwaƙwalwa da rashin hali ke mayarwa gona ba. Shi kansa ma ya ci moriyar taimakon karatu, domin a 1948 an tura shi Ingila ya koyo sha'anin mulkin ƙananan hukumomi.

Amma abin da ya fi tsaya masa a rai ya faru ne a Ikko a 1953. Da Anthony Enahoro ya kawo shawara a Majalisar Wakilai cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a jinkirta sai lokacin da ya dace. 'Yan Arewa suka fito daga majalisa jama'a na yi musu ihu da zagi. Dalilinsa kuwa a fili yake: ofisoshin Kaduna cike suke da Turawa da akawuna daga Kudu, likitoci da injiniyoyi 'yan Arewa kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Mulkin kai a wannan hali, a ganinsa, sauya ubangida ne kawai.

Saboda haka da ya zama Firimiya a 1954, ya ɗauki ba da sukolashif tamkar aikin gaggawa. Gwamnatinsa ta riƙa tura samari Ibadan da Ingila, aka ƙarfafa Makarantar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya don horar da ma'aikata, Alhaji Isa Kaita kuma, wanda shi ma tsohon ɗalibin Katsina ne, ya riƙe Ma'aikatar Ilmi. 'Yan Kudu da dama sun soki manufar mayar da ayyuka hannun 'yan Arewa, suna kiranta wariya, kuma gaskiya ne ta raba wasu da abincinsu.

Ran 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe jami'ar Zariya, shi ne kuma Shugabanta na farko. Bai daɗe yana ganin amfaninta ba, domin an kashe shi a Kaduna ran 15 ga Janairu, 1966, jami'ar ba ta cika shekara huɗu ba.