Zarton Da Ya Ga Jiya

Mu da muka taso tsakanin Funtuwa da Malumfashi, iyayenmu sun ba mu labari. In an sayar da auduga, kuɗi ya shigo gari, kafinta ya kan nufi manyan kantuna irin na John Holt da G.B. Ollivant. Ya ɗauki zarto, ya lanƙwasa, ya saki, ya saurari ƙararsa kafin ya biya.

Gidan talabijin na Kaduna ya soma aiki a 1962, amma gida nawa ke da akwatin? Tallar da mutanenmu suka yarda da ita, bencin da ya shekara ashirin bai girgiza ba.

Zarton da, in ya dakushe, magagari ya isa. Na yanzu da yawa sai a yar. Ga kuma ɗanyen katako. Mu malamai mu ke gani: sabon benci, kafin hutu ƙafa ta saki, yara na rubutu a ƙasa.