Kada Ku Kafa Noti Da Gam A Jiƙaƙƙen Kankare

'Yan'uwa manoma, idan ƙungiyar gama kai ta tara kuɗi ta sayi injin niƙa ko tankin ruwa, kowa yakan ƙosa ya ga an kafa shi. Yanzu akwai wani gam mai ƙarfi, efoksi, wanda ake zubawa a ramin da aka huda a kankare, a soka noti ko rodi ya kama. Gam ɗin yana da amfani, amma ruwa abokin gabansa ne.

Ga dalili. Siminti yana son ruwa kafin ya yi ƙarfi, shi ya sa muke yayyafa wa sabon daɓe ruwa, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Shi kuwa gam, jikin ramin yake kamawa. In ramin yana da ruwa ko ƙura, sai su shiga tsakani, riƙon ya ragu ƙwarai. Ido ba zai gani ba. Sai inji ya yi ta jijjiga, notin ya fara girgiɗi. Saboda haka ƙa'idar magina ta Amurka ta ce kada a sa irin wannan gam sai kankare ya kwana 21.

Gam ba abin wasa ba ne. A watan Yuli na 2006, rufin wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa a birnin Boston ya rufto, kankare wajen tan 26 ya kashe mace ɗaya. Bincike ya nuna gam ɗin da aka sa ba irin mai jure nauyi kullum ba ne, ya yi ta saki a hankali.

To, me za mu yi? Abin da ya fi, a jera notin tun kafin a zuba kankare. In kuwa sai da gam, a jira kwanakin su cika. A hure ramin da famfon keke, a goge da buroshi, a sāke hurewa, a bar shi ya bushe. Da damina a nemi gam wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana kama jiƙaƙƙen rami. Kada a ɗaure inji sai lokacin da aka rubuta ya cika.

Kuɗin jama'a ne. Mu yi haƙurin mako uku.