Yaji da Mafakar Matar Aure

Yaji shi ne mace ta bar gidan mijinta ba tare da saki ba, ta koma wurin iyayenta saboda wata cuta, kamar duka ko horon yunwa. Bisa al'ada, yaji kai ƙara ne wurin manya. Mace takan fita da goyonta kaɗai, ta bar jerenta a ɗaki, watau alamar aure bai mutu ba. Sa'an nan miji ya aiko biko, a zauna a bi bahasi. In kuwa iyaye suna nesa, takan faɗa gidan mai unguwa ko na liman.

Shari'a ma ta san wannan hakki. A mazhabar Malikiyya, idan cuta ta tabbata, alƙali yana da ikon raba auren ko da miji bai yarda ba.

Sai dai tsarin ya dogara ne ga kusancin dangi. Matar da aure ya kai Ikko ko Abuja, ina za ta dosa da tsakar dare? Wadda ta isa gida kuma, sau da yawa akan ba ta haƙuri, a mai da ita tun rauni bai warke ba.

A Nijeriya, dokar tarayya ta hana cin zarafi ta 2015 ta bai wa kotu ikon hana mai duka kusantar wadda ya cuta. Amma takardar kotu ba ta zama makwanci. Muddin babu gidan da zai karɓi mace a daren da ta fito, to, zaman da take yi tilas ne, ko da an kira shi haƙuri.