Bindigar Iska da Ɓeran Lambu

Maigida, in kana da lambu a fadama, ko ’yar garka a bayan gida, ka san ɓarnar ɓera ba sai an gaya maka ba. Shi ne mai tone irin gyaɗa tun bai tsiro ba, shi ne mai huda tumatir da dare. Gafiya kuwa ta ƙarƙashi take bi, ta cinye dankali da rogo, ranar da ka zo haƙa ka tarar da kunya ba kome. Kurege ma da rana tsaka yake yin tasa satar.

Saboda haka ne waɗansu magidanta suke shawarar sayen bindigar iska, watau ƙaramar bindigar nan da ba a ɗura mata albarushi, iska ce kurum take tura ɗan harsashin dalma. Wannan takarda za ta bayyana maka yadda za ka zaɓi mai sauƙin kuɗi, in har ka ga lalle sai ka saya, da abin da take iyawa da abin da ba ta iyawa. Amma kafin nan akwai maganar da ta fi tumatir muhimmanci. Ɓera ba ɓarawo ba ne kaɗai. Yana yawo da cuta a jikinsa, ko ya mutu ma cutar tana nan tare da mushensa.

Ɓera da zazzaɓin Lassa

A shekarar 1969 aka fara gane wannan cuta, a garin Lassa wanda yake cikin Jihar Borno yanzu, daga nan ta sami suna. Wani irin ɓera ne yake ɗauke da ita, wanda macensa take da nonuwa da yawa a jere, fiye da na sauran ɓeraye. Yana zama a gona da lambu, yana kuma shiga gida neman abinci. Shi kansa cutar ba ta kayar da shi. Sai dai ƙwayarta tana fita cikin fitsarinsa da kashinsa, tana kuma cikin jininsa. In ya yi fitsari a kan hatsin da aka shanya, ko garin da aka bari a buɗe, ko ya hau kwanon tuwo da dare, to, ya bar wa mutanen gidan cuta. Haka kuma wanda ya taɓa mushensa da hannu, ko ya feɗe shi.

Cikin mutum biyar da suka kamu, wajen huɗu ba sa jin jiki sosai, waɗansu ba su ma san sun kamu ba. Amma na biyar ɗin yakan sha wuya ƙwarai, yana iya rasa ransa. Waɗansu da suka warke sukan kurumce. Mace mai tsohon ciki ita ce ta fi kowa shiga haɗari, don galibi ɗan cikin ba ya tsira. Cutar ta fi yawa da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, watau daidai lokacin da ake aikin lambu, daji ya bushe, ɓeraye sun matso kusa da mutane.

Cikin duhu ba za ka iya bambanta wannan ɓera da sauran ’yan’uwansa ba. Don haka kowane ɓera ka gani, ka ɗauke shi kamar shi ne.

Sai da lasin

Mutane da yawa suna tsammani bindigar iska abin wasan yara ce, ba ruwan hukuma da ita. Ba haka ba ne. Dokar makamai ta Nijeriya, ta shekarar 1959, ta sa bindigar iska cikin jerin bindigogin da ba a riƙe su sai da lasin daga wurin Sufeto Janar na ’yan sanda. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ba a kuma ba mai raunin gani. Saboda haka kafin ka fid da ko kwabo, ka je ofishin ’yan sanda ka tambaya ko za a ba ka. In an ce a’a, magana ta ƙare, sai ka koma ga tarko. In an ba ka, ka saya wurin dillalin da gwamnati ta yi wa rajista, ka karɓi rasiɗi. Bindigar da wani ya zo da ita a naɗe cikin buhu, ya ce araha ce, ita ce mai tsada, domin tana iya kai ka gaban alƙali.

Wace iri za ka saya

Iri uku aka fi sani. Ta farko ita ce mai karyewa. A cikinta akwai wani naɗaɗɗen ƙarfe, irin wanda makanikai suke kira sifirin. In ka lanƙwasa bututun bindigar ƙasa, ƙarfen nan ya matse. Ka sa harsashi ɗaya, ka mai da bututun. In ka ja kunama sai ƙarfen ya saki da ƙarfi, ya turo iska, iskar ta fitar da harsashi. Ba ta bukatar kome sai ƙarfin hannunka. Ta biyu tana aiki da ɗan kwalbar gas ta ƙarfe, in gas ya ƙare sai ka sayi wata, kullum kana cikin saye. Ta uku ana cika mata iska da wani famfo na musamman, ba irin na keke ba. Tana da daɗin harbi, amma ita da famfonta kuɗi ne mai yawa, in kuma ta fara yoyon iska ba mai gyara ta a ƙauye.

Ga mai lambu, mai karyewa ta fi. Ita ce mai araha, ita ce kuma mai jure ƙura da wahala.

Sa’an nan ka dubi faɗin bakinta. Akan buga lamba a jikin bututun. Mai lamba .177 bakinta milimita 4.5 ne, harsashinta ƙarami ne mai araha, yana tafiya a miƙe. Mai lamba .22 bakinta milimita 5.5 ne, harsashinta ya fi nauyi, ya fi bugu. Ga ɓera da kusu kowace ta isa. Ga kurege mai .22 ta fi. Gafiya kuwa, wadda takan kai kilo guda ko fiye, ƙaramar bindiga rauni kurum za ta yi mata ta shige rami. Ita tarko a bakin raminta ya fi dacewa da ita. Kafin ka zaɓi lamba, ka tabbata ana sayar da harsashin wannan lambar a inda ƙafarka take kaiwa. Bindiga ba harsashi sanda ce, sandar ma marar daɗin riƙo.

Ka buɗe ta ka leƙa cikin bututun wajen haske. Ya kamata ka ga zane a murɗe daga farko har ƙarshe, shi ne yake juya harsashi ya tafi daidai. In cikin sumul yake, ko ya yi tsatsa, ka ajiye ta. Ka guji irin mai harba ƙananan ƙwallayen ƙarfe, domin in ƙwallon ya bugi dutse ko bango yakan dawo, ido kuwa ba shi da sauyi. In tsohuwa ce, ka duba robar da take bakin mahaɗa ko ta tsage, ka girgiza bututun ka ji ko yana motsi bayan ka rufe. Ka roƙi mai ita ya bari ka gwada. Ka zana da’ira kamar faɗin murfin kwalba a jikin kwali, ka ja da baya taki goma sha biyar, ka harba sau biyar. In harsasan sun taru wuri guda, ko da ba a tsakiya ba, bindigar tana da kyau, saiti kurum za a gyara. In sun warwatse, kada ka saya kome arahar ta.

Kada mai kanti ya ruɗe ka da zancen ƙarfi, ko ya ce sai ka haɗa da madubin hange. Ɓeran da za ka harba ba ya wuce taki goma zuwa ashirin daga inda kake tsaye. A wannan nisa idonka da saitin da yake jikin bindigar sun isa. Madubi mai araha ma girgizar bindiga mai karyewa takan kwance shi.

Abu biyu suke kashe irin wannan bindiga da wuri: harba ta ba harsashi a ciki, da ɗura mata man inji a ramin da iska take fitowa. Sa’ad da kake sa harsashi kuma, ka riƙe bututun da hannu ɗaya gam, kada ya kuɓuce ya datse maka yatsa.

Haɗarin da yake cikinta

Bindigar iska tana fasa ido, tana huda fata, ta taɓa kashe yara. Kada ka nuna ta wajen mutum ko da ka san ba kome a ciki. Kada ka yi harbi sai ka ga abin da yake bayan ɓeran. Tudun ƙasa ne ya kamata ya tare harsashin da ya kuskure, ba danga ko zana ba, gama ba ka san wanda yake tsugune a bayanta ba. Ka auni kai, domin ɓeran da aka ji wa rauni yakan ja jiki yana zubar da jini a kan ganyen da za ku ci, ya je ya mutu inda hannu ba ya kaiwa.

Ka tuna kuma daga nesa ba a bambanta ta da bindigar gaske. Mutum da bindiga da tocila a bakin fadama da tsakar dare, a wannan zamani, yana iya gamuwa da ’yan banga ko jami’an tsaro kafin ya sami bakin yin bayani. Ka sanar da mai unguwa da maƙwabtan lambunka. Gara ka yi fakonka da magariba ko da asuba, sa’ad da ana iya gane fuska.

Harsashin kansa dalma ne, dalma kuwa guba ce, musamman ga ƙananan yara, tana lalata musu ƙwaƙwalwa. Mutanen Zamfara ba su manta da shekarar 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara wajen 400. Kada ka riƙe harsashi a baki kana jiran ɗuri. Ka wanke hannu bayan ka taɓa shi. Gwangwanin harsashi ka kulle shi dabam, bindiga dabam, inda yaro ba zai kai ba.

Mushen ɓera

Nan ne mutane suka fi yin sakaci. Ka harbe shi, murna ta kama ka, ka ɗaga shi ta wutsiya kana nuna wa yara. To, ka taɓa jininsa da fitsarinsa ke nan. Ka sa safar hannu ta roba, in babu ka zura hannunka cikin leda marar huji, ko ka kwashe shi da shebur. Ka binne shi cikin rami mai zurfi nesa da rijiya, inda kare ba zai tono ba, ko ka ƙone shi ƙurmus. Sa’an nan ka wanke hannu da sabulu. Kada ka bar yara su gasa shi. Farautar ɓera da gafiya da yara suke yi da rani, suna cinna wa daji wuta, suna feɗewa da hannu, hanya ce ta kawo cutar har cikin gida. Ka hana naka.

In ka ga kashin ɓera a ɗaki, uwargida kada ta share shi a bushe, domin ƙurar tana shiga hanci. A haɗa ruwan wanke fararen kaya, irin su Jik ko Hypo, awo ɗaya da ruwa awo tara, a yayyafa a jiƙa wurin, a jira kaɗan, sa’an nan a kwashe.

Abin da bindiga ba ta iyawa

Yanzu ka yi lissafi. Macen ɓeran nan cikinta ɗan fiye da mako uku ne, takan haifi ’ya’ya goma ko fiye a haihuwa guda, ba ta daɗewa kuma ta sake ɗaukar wani. Kai kuwa in ka yi sa’a ka harbe biyu ko uku a dare. Muddin akwai abinci a buɗe da wurin ɓuya, waɗanda ka kashe waɗansu za su maye gurbinsu. Bindiga tana da amfani ga kuregen da ya gane tarko ya ƙi shiga, ko ɓera ɗaya da ya addabi kwamin tumatir. Ba ta raba gida da ɓera. A cikin gida ma ba a harbi sam.

Kuɗin bindiga ɗaya zai saya maka tarkuna masu yawa, da durom mai murfi na zuba hatsi, da ɗan siminti na toshe ramuka. Tarko yana aiki kana barci. Ka ɗana shi a gindin bango ko a kan hanyar da ɓera ya saba bi, ka sa masa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi, ka duba shi kowace safiya. Ka nome ciyawar da take kewaye da lambu da rumbu, ka kwashe tarin kara da itace daga jikin ɗaki, ka kai juji nesa da gida. Rumbu a yaɓe tsagoginsa, a rufe bakinsa da kyau. A daina shanya hatsi da garin rogo a ƙasa ko a gefen titi. Tuwon da ya kwana a rufe shi, a ɗumama shi sosai kafin a ci. Kayan lambu a wanke su da ruwa mai tsabta. Shinkafar ɓera kuwa ka yi hankali da ita, gama kaji da awaki da yara ba su san ba tasu ba ce. In unguwa duka ta tashi ta yi wannan aiki rana ɗaya ya fi, don ɓeran da ka kora gidan maƙwabcinka zai nufa, gobe ya dawo.

In wani ya kwanta

Cutar takan ɗauki har kwana 21 kafin ta bayyana. Tana farawa kamar zazzaɓin cizon sauro: jiki ya yi zafi, ga kasala da ciwon kai, sa’an nan ciwon maƙogwaro, da amai, da gudawa, da ciwon ƙirji ko ciki. In ta yi tsanani fuska takan kumbura, jini ya riƙa fita ta hanci ko ta baki. Kada ka jira sai ka ga jini. In an sha maganin zazzaɓi kwana biyu ko uku ba sauƙi, a kai marar lafiya asibiti, a kuma gaya wa likita ko ya taɓa ɓera, ko akwai ɓeraye a gidan. Magani ya fi aiki in an fara shi da wuri. Cutar tana bin jini da amai da fitsarin marar lafiya ta kama mai jiyya, saboda haka mutum ɗaya ya yi jiyyar, ya sa safar hannu, ya riƙa wanke hannu da sabulu, a ware wa marar lafiya kwanonsa da kofinsa. In ya rasu ana zaton wannan cuta ce, kada a yi masa wanka sai ma’aikatan lafiya sun zo sun nuna yadda za a yi. Kana iya kiran Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, watau NCDC, a lamba 6232, kiran kyauta ne.