Baƙin Man da Ke Ƙaruwa da Kansa

Duk wanda ya taɓa riƙe mota ko babur ya san baƙin mai raguwa yake yi. Inji yakan ƙona kaɗan daga cikinsa, wani kuma ya tsiyaye ta bakin gasket. Saboda haka idan direba ya zaro sandar awo da safe ya ga mai ya haura alamar da ya bar shi jiya, alhali bai ƙara ko ɗigo ba, bai kamata ya ɗauka albarka ce ta sauka ba. Wani abu ne ya shiga tukunyar man. Idan man ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ne. Idan kuwa ya tsinke, yana warin fetur, to, man da ya kamata ya ƙone a saman inji ne ya gangaro ƙasa.

Wannan cuta takan kama abubuwan hawa masu aiki a hanyoyin karkara. Daga kwaltar da ta tashi daga Kano ta bi ta Gwarzo ta nufi Dayi, hanyoyi da yawa da ke shiga ƙauyukan Gwarzo da Kabo na burji ne ko na rairayi: da damina laka, da rani ƙura. A Amurka da Turai akwai babur mai ƙafa huɗu da aka ƙera musamman don irin wannan ƙasa, wanda kakansa shi ne mai ƙafa uku da kamfanin Honda ya fitar a 1970. A nan kuwa masu ɗaukar wannan nauyi su ne tsofaffin Land Rover, da Hilux, da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, da tarakta, da uwa-uba babura, waɗanda ke fito da masara da dawa da gyaɗa daga wajajen Getso da Kutama da Garo. Injinan ban-ruwa na masu noman rani a bakin madatsar Guzuguzu su ma ba su tsira ba, domin cikinsu ɗaya ne da na babur.

Me ya sa abin ya zama haɗari?

Aikin baƙin mai shi ne ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Tsakanin karanshaf da abin da kanikawa ke kira metal akwai shimfiɗar mai wadda kaurinta bai wuce 'yan maikiron ba, shi kuwa silin gashin mutum yakan kai maikiron 70. A kan wannan 'yar shimfiɗa duk ƙarfin inji yake sauka. Abin da ke riƙe ta shi ne kaurin man, wato danƙonsa, kuma shi ne ma'anar lambobin da ake gani a jikin galan, irin su SAE 40 ko 20W-50. Fetur kuwa tsinkakke ne, yana kuma narkar da mai, shi ya sa bakanike ke wanke hannu da shi. Masu gwajin mai sukan ɗauki gaurayen da ya doshi kashi 5 cikin 100 a matsayin haɗari. Ɗalibi zai iya buga lissafin: a injin da ke cin lita 4 ta baƙin mai, kashi 5 cikin 100 mililita 200 ne, bai ma cika kwalbar lemo ba. A babur mai cin lita 1, mililita 50 ta isa. Idan shimfiɗar ta yage, metal ya cinye, sai a ji an ce inji ya buga, kuma galibi ana cikin kaka, lokacin da motar ta fi samun aiki.

Malami zai iya nuna wannan a aji da gilashin taga guda. A jingine shi a karkace, a ɗiga sabon baƙin mai a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma wanda aka gauraya da ɗan kananzir, ɗalibai su auna da agogo wanne ya riga isa ƙasa. Kananzir ake so a aji, domin tururin fetur yana kamawa da wuta ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, shi kuwa baƙin mai sai ya doshi digiri 200 na ma'aunin santigireti. Don haka ma al'adar gwada mai da ashana a gareji ganganci ce. Hanci ya wadatar, da kuma farar takarda: ɗigon man da ya sha fetur yakan bazu da sauri, ya bar faffaɗan zobe fatsi-fatsi a gewayensa.

Ta ina yake shiga?

Ƙofa ta farko, kuma mafi yawan laifi a babura da injinan ban-ruwa, ita ce kafireta. A ƙarƙashinta akwai ɗan kwano mai tara fetur, a cikinsa akwai wani abu mai yawo a saman man, kamar ƙwallon da ke rufe famfon tankin ruwa idan ya cika. Yayin da fetur ya kai iyakarsa, sai abin ya taso ya tura wata 'yar allura ta toshe hanya. Gargadar hanya tana sa allurar ta yi ta bugun mazauninta dubban sau har bakinta ya side. Wani lokaci kuma ƙwayar rairayi ɗaya ko ɓarɓashin tsatsar tanki ne ke maƙalewa a ƙarƙashinta. Tun da tankin babur a sama yake, fetur ba ya bukatar mai turo shi, nauyinsa ya isa. Idan aka kwana ba a rufe makunnin mai ba, sai ya yi ta zuba cikin dare, ya cika kwanon, wani ya zube ƙasa, wani ya bi ta bawul ya shiga silinda, ya sulale ta gefen fistan zuwa tukunyar baƙin mai. Gwajin ba ya cin ko kwabo: a rufe makunnin 'yan kwanaki a duk lokacin da aka ajiye babur, a duba ko man ya daina hawa. Haka kuma a cire tiyo a ga ko makunnin kansa yana ɗiga bayan an rufe shi.

Ƙofa ta biyu ta tsofaffin motocin fetur ce, irin su Land Rover da 504 mai kafireta. Famfon da ke zuƙo fetur daga tanki a jikin inji aka ɗaure shi, kuma injin ne ke kaɗa shi. A cikinsa akwai wani faifan roba: samansa fetur, ƙasansa baƙin mai. Ranar da faifan ya tsage, famfo zai riƙa raba fetur biyu, rabo ɗaya ga kafireta, ɗaya ga tukunyar mai, motar kuma tana tafiya kamar ba komai. Wannan ita ce ƙofar da ta fi yaudara, kuma ita ta fi saurin cika tukunya. Tsufa ne ya fi tsaga faifan, amma gurɓataccen mai yana gaggauta shi. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, har hukumomi suka janye shi daga kasuwa, kuma metanol yana cin roba. Fetur ɗin da aka cuɗa da kananzir, wanda akan yi karo da shi a wajen wasu 'yan bumburutu, ta wata hanyar yake ɓarna: kananzir ba ya ƙonewa sarai a injin fetur, ragowarsa sai ta wanke bangon silinda ta sauka.

Akwai kuma fetur da ya shiga silinda ta halal amma bai ƙone ba. Injin fetur yana son kimanin awo 15 na iska ga awo 1 na mai. Matatar iska da ƙura ta toshe, ko cok da aka manta a ja, ko fulogi da ya mutu, duk suna barin ɗanyen mai a silinda. Baƙin hayaƙi a salansa da fulogi mai jiƙe ko mai kunkunniya su ne shaidu. Sanyin hunturu yana ƙara tsananta abin, musamman ga wanda tafiyarsa gajera ce, domin sai baƙin mai ya yi zafin digiri 90 zuwa 100 kafin fetur ɗin da ya shiga ya riƙa tashi sosai ya fita.

Ringin fistan shi ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma, ko da yake sau da yawa shi ake fara ambata, wataƙila don aikinsa ya fi kuɗi. Gaskiya ne ƙurar burji da ta kuɓuce wa matata tana cin ringi kamar sanfefa. Amma kafin a sauke inji sai a auna matsin silinda. Idan ya yi ƙasa, a zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa: in ya tashi, ringi ne, in bai motsa ba, sai a duba bawul ko gasket.

Injin gas, irin na tarakta da Hilux da yawa, nasa ya fi muni. Nozul da ya lalace yakan yi ɗigo maimakon feshi, hatimin famfon injekta ma yakan yi yoyo ta ciki. Gas kuma bai fara tafasa sai wajen digiri 180, don haka zafin inji ba ya korar sa, abin da ya shiga ya zauna ke nan. Idan tukunya ta cika fiye da kima, injin yana iya zuƙo gaurayen ya riƙa ƙona shi, ya yi ta ƙara gudu ko an kashe makulli, sai an toshe masa iska.

Da zarar an tabbatar da gauraye, kada a ƙara tayar da injin. Juye kaɗai ba magani ba ne, domin sabon mai zai bi sahun tsohon muddin ƙofar tana buɗe. A fara toshe ta, sannan a zubar da man duka, a sauya filta, a zuba sabo. Tsohon man a tara shi a jarka nesa da wuta, kada a malalar da shi a fadama ko kusa da rijiya. Bayan haka a riƙa auna mai kowace safiya har mako guda, a wuri mai daidai, inji yana sanyi, ana lura da inda ya tsaya a jikin sanda.