Wa Ke Biyan Kuɗin Binciken Magani Idan Gwamnati Ta Janye Hannu?

Kafin ƙwayar magani ta iso kantin mai sayar da magani, an daɗe ana kashe mata kuɗi, wani lokaci shekara goma sha biyar ko fiye. Kamfanoni sukan shigo ne a ƙarshe, bayan an ga alamar riba. Aikin farko, wato gano yadda cuta take kama jiki da inda za a tare ta, galibi gwamnati ce ke biyansa, kuma babu gwamnatin da ta kai ta Amurka zuba kuɗi a wannan fanni. Hukumar da ke raba kuɗin ita ce NIH, mai hedikwata a garin Bethesda na jihar Maryland. Tana da cibiyoyi 27, kasafinta na shekara ya kusa dala biliyan 48, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan kuɗi fita yake yi zuwa jami'o'i da asibitoci a matsayin tallafin bincike. Wani nazari da aka wallafa a 2018 ya bi sawun sabbin magunguna 210 da aka amince da su a Amurka daga 2010 zuwa 2016, ya tarar babu ko ɗaya da kuɗin NIH bai taɓa binciken da ya haife shi ba.

Shi ya sa hankalin masu bincike ya tashi a ranar Juma'a 7 ga Fabrairun 2025, makonni kaɗan bayan dawowar Donald Trump kan mulki. NIH ta sanar cewa daga yanzu kuɗin ɗawainiya da take ɗora wa kowane tallafi ba zai wuce kashi 15 cikin 100 ba.

Sai an fahimci wannan kuɗi kafin a fahimci rigimar. Tallafin bincike kashi biyu ne. Akwai na aikin kansa: albashin masu binciken, sinadarai, ɓerayen gwaji. Akwai kuma na ɗawainiya: wutar lantarki, firjin da ke ajiye jini cikin tsananin sanyi dare da rana, kwashe shara mai guba, ma'aikatan lissafi, da kwamitin da ke tabbatar da ba a cutar da mutanen da aka gwada magani a jikinsu ba. Kamar tela ne: yadi da zare na mai ɗinki ne, amma hayar shago da gyaran keke dole su fito daga wani wuri. Kowace jami'a tana daidaitawa da gwamnati kan nata kason. Na Harvard ya kai kashi 69, wato a kan dala 100 ta aiki ana ƙara mata kusan 69. NIH ta ce a 2023 ta kashe dala biliyan 9 a wannan ɓangare, kuma sabon tsarin zai rage mata biliyan 4 a shekara.

Hujjar da hukumar ta kawo ita ce ta jawo gidauniyoyi cikin maganar. Ta ce ai gidauniyar Gates kashi 10 kawai take ba jami'o'in Amurka, wasu gidauniyoyin 12 ko 15, kuma jami'o'in suna karɓa ba gardama. Don me za a tatsi mai biyan haraji fiye da haka? A kunne magana ce mai daɗi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Gidauniyoyi sukan yarda a lissafa wasu abubuwa cikin kuɗin aiki waɗanda gwamnati take turawa ɓangaren ɗawainiya, don haka alƙaluman ba ma'auni ɗaya aka auna su da shi ba. Abu mafi muhimmanci kuma, jami'a tana iya karɓar kuɗin gidauniya da rangwame ne saboda ɗakin gwaje-gwajen yana tsaye, an gina shi an sa masa na'urori da kuɗin gwamnati. Ranar da aka zare wannan, arahar gidauniyar ma ta ƙare. A ganina jami'o'in suna da tambayar da ya kamata su amsa kan yadda ofisoshinsu suke kumbura, amma sare kuɗin cikin dare ɗaya ba shi ne amsar ba.

Jihohi 22 suka garzaya kotu, mai shari'a Angel Kelley ta birnin Boston ta dakatar da matakin. Ana wata ga wata: hukumar ta shiga soke tallafin da aka riga aka bayar, musamman na binciken da ya shafi bambancin launin fata da jinsi, da dalilan da ke sa mutane ƙin rigakafi. A watan Yuni mai shari'a William Young ya ce sokewar ta saɓa doka, a watan Agusta kuma Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ba gwamnati damar ci gaba da riƙe kimanin dala miliyan 783. A cikin watan ne ministan lafiya Robert F. Kennedy Jr. ya soke ayyuka 22 na rigakafin fasahar mRNA, na kusan dala miliyan 500. Fadar shugaban ƙasa ta kuma nemi a zaftare kusan kashi 40 na kasafin NIH na 2026, sai dai kwamitin kasafi na Majalisar Dattawa, da 'yan jam'iyyun biyu, ya yi watsi da buƙatar.

Mai karatu zai iya cewa to, kotu ta tare wasu, majalisa ta tare wasu, ina asarar? Asarar tana cikin tsayawar kanta. Gwajin magani da aka tsara na shekara biyar, idan ya katse a ta uku, ba rabin amsa ake samu ba, babu amsar ne gaba ɗaya, kuma kuɗin shekarun baya ya tafi. Marasa lafiyar da suka ba da jikinsu a bar su a tsakiyar hanya. Matashin da ya gama digirin digirgir ya ga ba tabbas, ya koma kamfani, da wuya ya dawo.

A irin wannan hali kowa sai ya juya ga gidauniyoyi, kuma tarihi ya ba su abin tinƙaho. Rigakafin shan inna na Jonas Salk, wanda aka tabbatar da ingancinsa a 1955, gidauniyar March of Dimes ce ta ɗauki nauyinsa da ƙananan kuɗin da talakawa suka tara. Lokacin da George W. Bush ya taƙaita kuɗin gwamnati a binciken ƙwayoyin halittar ɗan tayi a 2001, masu ba da gudummawa da jihar Kalifoniya, wadda ta ware dala biliyan 3 a 2004, su suka riƙe aikin har Barack Obama ya sassauta dokar a 2009. Gidauniyar masu fama da cutar huhu ta gado mai suna cystic fibrosis ta zuba kimanin dala miliyan 150 a aikin kamfanin Vertex, aka samu maganin Kalydeco a 2012. Sai dai duk waɗannan giɓi ɗaya ne a fanni ɗaya. Giɓin 2025 ya shafi fannoni da yawa a lokaci guda.

Lissafin ba ya ɓuya. Gidauniyar Gates, wadda ke sahun gaba a duniya, kasafinta na shekara bai kai dala biliyan 10 ba, kuma a ciki har da noma da ilimi da rabon rigakafi. Wellcome ta Landan ta yi alƙawarin fam biliyan 16 ne cikin shekara goma. Abin da aka nemi yanke wa NIH a shekara ɗaya tak ya kai dala biliyan 18. Ga kuma wata matsala: gidauniya tana zaɓen cutar da ta dame ta, ba kasafai take biyan binciken da ba a san inda zai kai ba, alhali daga irinsa manyan magunguna suke fitowa. Gidauniyoyin su kansu ba su tsira daga iskar siyasa ba. A Fabrairun 2025 cibiyar Howard Hughes, wadda ba ta dogara da gwamnati ba, ta rufe wani shirinta na dala miliyan 60 na jawo ɗaliban da aka saba bari a baya cikin karatun kimiyya. Abin da yawancin gidauniyoyi suka iya yi shi ne ɗan tallafin riƙon ƙwarya na watanni, don kada ɗakin gwaji ya rufe.

Abin bai tsaya a Amurka ba. Gwajin rigakafin ƙanjamau mai suna BRILLIANT, wanda masana na Afirka ta Kudu suke jagoranta da dala miliyan 45 daga hukumar USAID, ya tsaya yana dab da farawa lokacin da aka dakatar da kuɗin agaji. A ranar 1 ga Mayun 2025 kuma NIH ta hana jami'o'in Amurka miƙa wani ɓangare na sabon tallafi ga abokan aikinsu na ƙasashen waje har sai an fito da sabon tsari, kasafin da fadar shugaban ƙasa ta gabatar ma ya nemi a rufe cibiyar Fogarty, wadda ke horar da masu bincike na ƙasashe masu tasowa.

Ta irin wannan ƙofa ce aka yi aikin da ya amfani yaranmu. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka da kuɗin NIH, sun gwada maganin hydroxyurea a kan yara masu sikila da hoton jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A ƙasashe masu arziki ƙarin jini wata-wata ake yi wa irin waɗannan yara, abin da iyaye kaɗan ne a Kano ko Kaduna za su iya jurewa. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna ƙaramin awo na maganin ma yana ba da kariya. Hydroxyurea tsohon magani ne mai araha, don haka babu kamfanin da zai ga riba a biyan wannan gwaji, ga shi kuwa Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila.