Zango Na Uku: Yadda Malami Zai Rufe Shekarar Karatu

Shekarar karatu a makarantunmu na firamare da na sakandare zango uku ce, ana buɗe ta wajen watan Satumba, a rufe ta wajen Yuli. Zangon ƙarshe shi ya fi nauyi ga malami, domin kuwa yana haɗuwa da faɗuwar damina. A ƙauye, da zarar an yi ruwan shuka sai ka ga aji ya rage, yara sun bi iyayensu gona. A sakandare kuma jarrabawar WAEC, wadda ake yi cikin Mayu da Yuni, takan cinye ɗakuna da malamai masu tsaronta.

Ganin lokaci ya ƙure, malamai da yawa sukan shiga tseren gama manhaja. A yi babi biyar cikin mako biyu, yara suna ta kwafa daga allo, a rubuta a littafin aiki cewa an gama. Wannan sauri ne mai haihuwar nawa. Abin da ya fi shi ne malami ya dubi manhajar ajin gaba, ya zaɓi abin da aka gina ta a kansa, ya tsaya nan. Alal misali, yaron da bai riƙe jadawalin sau ba, ba shi da abin da zai yi lissafin rabawa da shi baɗi.

Amma babbar amanar wannan zango ita ce maki. Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fitar a 1977, aka kuma gina tsarin 6-3-3-4 a kanta daga 1982, ta ce kada a rataya makomar yaro ga jarrabawa ɗaya tak. A riƙa auna shi a kai a kai, a iliminsa da halinsa da aikin hannunsa. Saboda haka makarantu da yawa sukan ware maki 30 ko 40 cikin 100 don aikin aji. Niyyar kyakkyawa ce. Sai dai duk wanda ya san ɗakin malamai ya san yadda wani kan zauna a makon ƙarshe, ya cika layukan gwajin da bai yi ba, ya ba wannan 15, wancan 22, gwargwadon yadda ya tuna fuskarsu. Takarda ta cika, hedimasta ya sa hannu, uba ya yi murna, ga yaro an ciyar da shi gaba bai iya haɗa baƙi ba. Ku ma'aikatan hukumar ilmi, da irin waɗannan alkaluma kuke tsara aikinku.

Akwai kuma layin nan na ra'ayin malami a katin sakamako. "Ya ƙara ƙoƙari" ba ta gaya wa kowa kome ba. In aka rubuta cewa yarinya tana karatu da kyau amma ragewa mai aro tana ba ta wuya, to, an ba iyaye da malamin gaba abin kamawa.

Kafin a tafi hutu, lalle ne malami ya zauna da wanda zai karɓi ajin, ya miƙa masa rajista da littafin maki, ya gaya masa babin da ba a kai ba, da sunayen yaran da damina ta ɗauke, da wanda ba ya ganin allo sai an zaunar da shi a gaba.